Yadda Ake Haɗa Kayan Sauraron Kiɗa a Gida da Kwamfuta

Masu tara waƙoƙi a kwamfuta sukan koka cewa sautin da suke ji ba shi da armashi, sai su ɗora wa kwamfutar laifi su sayi wata mai tsada, amma abin bai canza ba. Dalili kuwa shi ne aikin kwamfuta a nan bai wuce ajiye waƙa a matsayin lambobi da miƙa su gaba ba, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya wannan. Daɗin sauti ya rataya ne a kan fayil ɗin da aka ajiye, da na'urar da ke mayar da lambobin sauti, da kuma lasifika tare da ɗakin da aka girka ta.

Fayil shi ne tushe, domin abin da ya ɓace a cikinsa babu na'urar da za ta dawo da shi. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, yana rubuta kowane awo da bit 16, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ƙirga da su. An zaɓi wannan adadi ne saboda kunnen ɗan Adam ba ya jin kaɗawar da ta wuce kimanin 20,000 a daƙiƙa, ƙa'idar lissafi kuma ta nuna cewa awon da ya ɗan haura ninki biyu na wannan ya isa ya kama duk abin da ake ji. Tsarin MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci samar da shi, yana rage nauyin fayil ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba, har waƙar da CD ke ɗauka da kilobit 1,411 a daƙiƙa takan koma 128. A lasifikar wayar hannu ba a jin asarar, amma lasifika mai kyau takan tona ta, musamman a kaifin tsirkiyar garaya ko ƙarar kuge. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse fayil zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, shi ya sa ya fi dacewa da ajiya, kuma manhaja irin su Exact Audio Copy tana kwafe CD zuwa gare shi tana duba kurakurai. Wani kuskure da ya yaɗu shi ne juya MP3 zuwa FLAC da zaton an gyara shi, alhali nauyi kawai aka ƙara masa. Wannan kuskure ya shafi tsofaffin waƙoƙi irin na Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, waɗanda suka daɗe suna yawo daga waya zuwa waya. Wanda ke da kaset mai kyau ya fi masu irin waɗannan kwafe-kwafen arziki, kuma ya kamata ya ɗauke shi zuwa kwamfuta tun kafin zaren ya lalace.

Na'urar da ke mayar da lambobi sauti, wadda ake kira DAC a taƙaice, tana cikin kowace kwamfuta, sai dai ta cikin takan kasance mai araha, kuma tana zaune kusa da sassan da ke haifar da hayaniyar lantarki, wadda ake ji kamar tsaki ko ƙugi idan waƙa ta yi shiru. Magani shi ne a sayi DAC ta waje mai haɗuwa ta USB, kuma mai matsakaicin farashi ta wadatar. A Windows, manhajar foobar2000 tana iya miƙa waƙa kai tsaye ga DAC ta hanyar da ake kira WASAPI, yadda Windows ba zai cakuɗa ta da ƙarar saƙonni ko ya sauya awonta ba. Kebul mai tsadar gaske ba ya ƙara komai a kan wanda aka ƙera da kyau, kuɗinsa ya fi amfani a wajen lasifika.

Lasifika ce ta cancanci kaso mafi girma na kuɗin, domin ita ce ke girgiza iska, kuma kuskurenta ya fi na sauran kayan yawa nesa ba kusa ba. Akwai mai ɗauke da amfilifaya a cikinta, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, wadda ta fi sauƙin haɗawa, akwai kuma mai buƙatar amfilifaya daban. Kowace aka zaɓa, ana ajiye lasifikar hagu da ta dama ne yadda nisan da ke tsakaninsu zai yi daidai da nisan kowace zuwa mazaunin mai sauraro, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn amo yana daidai da tsayin kunne. Idan aka matsa su jikin bango ko cikin kusurwa, amo mai kauri yakan kumbura ya danne muryar mawaƙi, don haka ana janyo su gaba kaɗan ana saurare har murya ta fito fili. Ɗakin siminti mai daɓen tayil yana mayar da sauti baya ya haɗu da na asali ya dagula shi, kuma kafet mai kauri a tsakanin lasifika da kujera, da labule, da kantar littattafai, sukan kawo gyaran da sabuwar na'ura ba za ta kawo ba.

A inda wutar lantarki ke hawa da sauka, sitabilaiza wajibi ce, inbata kuma a nemi mai ba da wuta sumul irin ta layi, domin mai araha takan sa amfilifaya ƙugi da zafi. Idan aka ji gunji mai ɗorewa, sau da yawa jona dukkan kayan a soket ɗaya yakan kawar da shi. Waƙoƙin kuwa a kwafe su a rumbun ajiya na biyu da ba ya jone kullum, tunda terabait 1 yana ɗaukar faifan CD fiye da 2,000 a tsarin FLAC, rumbu kuma yakan mutu ba tare da gargaɗi ba.