Kurakuran Jeranta Bayanai a Manhajar da Na'ura ta Rubuta: Darasi ga Masu Taskace Matanin Hausa

1.0 Gabatarwa

Jeranta bayanai shi ne mayar da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa jerin bayit domin adanawa ko aikawa. Wannan maƙala ta ɗauki misalin Protocol Buffers, tsarin da kamfanin Google ya saki ga jama'a a 2008. Manazarci yakan zayyana fasalin bayanansa, misali kalma da ajinta da ma'anarta, ya ba kowane gurbi lamba, sannan manhajar protoc ta rubuta masa umarnin jerantawa da warwarewa. Duk mai gina ƙamus ko rumbun matani a kan wannan tsari yana iya cin karo da matsalolin da ke tafe.

2.0 Gano tushen kuskure

Mafi sauƙin magani shi ne saɓanin zubi. A 2022, da zubi na 4.21 na Python ya fito, fayilolin da aka samar da protoc da ya girmi 3.19 sun daina aiki. Sai a sake samar da su. Gyara su da hannu ɓata lokaci ne, domin protoc zai shafe gyaran a karo na gaba.

Sauya lambar gurbi ya fi haɗari, saboda lambar ake rubutawa cikin bayit ɗin, ba sunan ba. Idan ma'ana tana gurbi na 2 aka mayar da ita na 3, tsofaffin bayanai za su buɗe lami lafiya, amma ma'anar ta ɓace ko ta faɗa gurbin wani abu.

Inda abin ya fi shafar Hausa shi ne haruffa. Tsarin proto3 ya wajabta rubutu ya kasance a UTF-8. Wasalin à mai alamar karin sauti ƙasa bayit ɗaya ne, E0, a Windows-1252, kuma idan baƙi ya biyo shi, UTF-8 ba ya karɓa, sai warwarewa ta tsaya. Wannan kuskure alheri ne, tunda yana sanar da kansa. Harafin ƙ kuwa bayit biyu ne, C6 da 99. In aka karanta su da Windows-1252, sai ƙasa ta koma Æ™asa. Duk inda aka ga Æ ko É a gurbin baƙi mai lanƙwasa, bayanan ba su lalace ba tukuna, karatun ne ya karkace, kuma ana iya dawo da su. Amma in alamar tambaya ta maye gurbin harafin, ya salwanta.

Akwai kuma gadon tsofaffin salon haruffa da suka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Matani irin wannan yakan wuce kowane gwaji, domin qasa ingantaccen UTF-8 ne, sai dai mai neman ƙasa a rumbun ba zai same ta ba. Dole a musanya haruffan kafin jerantawa, tare da kiyaye baƙin sunaye masu q ko v na asali.