Dorina Da Gonakin Bakin Ruwa: Gargaɗi Ga Manoma Da Dagatan Ƙasar Yawuri

Wannan takarda an rubuta ta ne domin manoman Warra, da Ngaski, da Shanga, da sauran garuruwan da ke gaɓar tafkin Kainji. Abin da a ke so shi ne ko wane magidanci ya san halin dorina, ya tsare shinkafarsa da iyalinsa, tun ɓarna ba ta auku ba. Rigakafi ya fi magani.

1. Mafarin wahalar

A shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. Ruwa ya cinye tsibirai da fadamu masu yawa, aka ta da mutum fiye da 40,000, da Gungawa da Kambari da wasunsu, aka sake musu mazauni. Tun daga sa'an nan ko wace shekara ruwan tafkin yakan ja baya, ya bar ƙasa mai laima. Nan manomi ya ke son shuka, nan kuma ciyawar da dorina ta ke ci ta ke tsirowa. Watau mutum da dabba sun haɗu a akushi ɗaya, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa.

2. Halin dorina

Dorina takan yini cikin ruwa, sai duhu ya yi ta fito kiwo. A dare guda babba tana cin ciyawa wajen kilo 40, abin da ta tattake da ƙafa kuwa ya kan fi abin da ta ci. Ba ta cika sake hanya ba. Inda ta bi jiya, nan za ta bi yau. Kada nauyin jikinta ya ruɗe ku, gama a tudu ta fi mutum gudu. In ta firgita, ruwa ta ke nufa kai tsaye, wanda duk ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga haɗari. Mafi sharri duka ita ce mai ɗa, don ba ta yarda jirgi ya matso kusa da ɗanta.

3. Aikin maigida

Kafin shuka, maigida ya fita da sassafe ya duba sawu da kashin dorina a gaɓa. Inda ya ga hanyarta, kada ya yi gona a kai, kada kuma ya kafa bukkar tsaro a wurin. A bar mata ciyawar bakin ruwa, kada a nome duka, kada a ƙone. Dabbar da ta ƙoshi a gaɓa ba ta cika yin nisa ba.

Ta wajen ruwa a haƙa rami mai tsayayyen baki, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Dorina gajerun ƙafafu gare ta, ba ta tsallake irin wannan. Amma ramin mutum ɗaya ba shi da amfani, sai ta kewaye ta shiga gonar maƙwabci. Lalle ne masu gonaki su yi gayya su haɗa shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kafa masa alama saboda yara da shanu.

4. Aikin samari da mata da yara

Tsaron dare na manya ne da samari, biyu biyu, da wuta da fitila da ganga. Su yi ta motsi tun dorina ba ta fito ba. In ta riga ta shiga gona, a buɗe mata hanyar ruwa, a kore ta daga bayan gona, kada a jefe ta.

Yara aikinsu korar jan-baki da birai ne da rana, sa'ad da shinkafa ta fid da kai, suna bisa rumfa da majajjawa da gwangwani. Su koma gida tun rana ba ta faɗi ba. Mata masu ɗiban ruwa da wanki su tafi tare, bayan gari ya waye sosai, su tsaya a mashayar da aka saba, gama ban da dorina akwai kada.

5. Aikin dagatai

A shekarar 2024 wata dorina ta kashe wani mutum yana kamun kifi a kogin Yawuri. Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da umurni a kashe ta, masunta da manoma suka yi makonni suna binta kafin su same ta da zago. Ku lura, sai da hukuma ta yarda tukuna. Dorina ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, ba ko wace aka gani a ke kashewa ba. Wadda aka soka kuma ba ta mutu ba, ta fi ko wace mugunta, fushinta a kan masuncin da bai san kome ba zai sauka.

Saboda haka in dorina ta addabi gari, dagaci ya rubuta ranar da ta fito, da gonakin da ta ɓata, da sunayen masu su, ya kai wa hakimi, hakimi ya isar wa Sarki da ma'aikatan daji. Ya kuma sa a yi shela ran kasuwa, don masu jirage su san inda za su kauce.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a fara gayyar rami tun shuka ba ta zo ba.