Bizar Aiki Daga Nesa: Kafin Ka Fara Haɗa Jaka

Ɗan'uwa ɗalibi, in kana zaune a Babban Dodo ko Ƙofar Doka kana yi wa kamfanin waje aiki ta kwamfuta, akwai bizar da aka tsara domin irinka. Estoniya ta fara bayar da tata a 2020, Fotugal ta biyo baya a 2022. Sharaɗin shi ne kuɗinka daga waje yake shigowa, ba aiki za ka je nema a ƙasarsu ba.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Fotugal tana son ganin kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinta, wato sama da Yuro 3,000 a wata. Ga ɗan ND, wannan ba maganar bana ba ce. Tsibirin Morishus ya fi sauƙi: bizar shekara guda, kyauta, ta intanet ake nema.

Za a tambaye ka fasfo, yarjejeniyar aiki, inshorar lafiya, wasu har da shaidar 'yan sanda. Amma bayanan banki ne ke kayar da mutane. In ta asusun abokinka ake turo maka kuɗi, a takarda ba ka da ko sisi. Buɗe asusun dala da sunanka tun yanzu, tarihin ya fara taruwa.