Yamai zuwa Jidda: ba kowane tikiti ne awa biyar ba

Makon jiya wani saurayi daga Filinge ya shigo ofishina na sayar da tikiti a Yamai, idonsa jajir. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini, ta tafi Umara. Ba a wurinmu suka yanki tikiti ba. Wani ɗan kamasho ne ya sama musu mai sauƙin jikka ɗari, ya ce mata: "Inna, awa biyar da ɗan ɗori kin sauka Jidda."

Da na karɓi takardar na duba, sai raina ya ɓaci. Ta Istambul jirgin ya bi, ga jiran awa 14 kafin na biyu ya tashi. A rubuce yake ƙarara, amma ba wanda ya karanta musu.

Tsakanin Yamai da Jidda kilomita wajen 4,000 ne in jirgi ya miƙe, kamar na alhazai. To Yamai zuwa Istambul kaɗai ya cinye wannan tsawon, sannan a juyo kudu da ƙarin fiye da 2,000. Ga ta kuma tun asuba ta baro Filinge, ta biyo ta Baleyara, kilomita 180 a mota, kafin ma ta taka filin jirgi na Diori Hamani.

Allurarta da ƙwayoyinta suna babbar jaka, an shigar da su cikin kaya. A hannunta casbi ne da goro da ƴar kwalbar turare. Ba ta jin komai sai Hausa da Zabarmanci. A Istambul ta kwana zaune kan kujera, sanyi na ratsa ta, tana tsoron tashi kada jirgi ya bar ta. Wajen asuba ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar bayan gida. Wata Basakkwata da ta ji tana salati da Hausa ita ta kira ma'aikata. A keken guragu ta yi ɗawafi.

Na ce wa saurayin: "Ƙanena, kai da ka yi lakkwal, me ya hana ka dubawa?" Ya sunkuyar da kai.

Jama'a, a daina yi wa tsoho arahar tikiti. Ku tambayi sauka nawa, jiran awa nawa, a wane gari. Magani a jakar hannu! Na faɗa na gaji, har yau ana cusa shi cikin kaya. Lokacin sauka da ke kan tikiti na agogon garin da za a sauka ne, Jidda ta riga mu da awa 2. Harami ma ya kasance a kusa, don a sama ake ƙetare miƙati. Ɗan kamashon da bai iya karanta tikitin da yake sayarwa ba, ya nemi wata sana'a.

Wanda tsohonsa zai tafi bana, ya kai takardar ga wanda ya san aikin kafin ya biya. Magani kuma a jakar hannu. Allah ya ba Inna lafiya.