Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Ɗigon Ruwa Na Kusa-Kusa Da Wayarka A Gida

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin hoton nan a Instagram: ɗigon ruwa guda ɗaya a kan ganye, a cikinsa kuma ga fure cikakke, ƙarami kamar an zana shi da allura. Yawancinmu mukan ɗauka sai mai kyamarar miliyoyi ne zai iya. Ni ma haka na zata, har sai da na ɓata yammaci uku da kofin ruwa a tsakar gida. Irin wannan ɗaukar hoto ta kusa-kusa ita ake kira makro.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, ɗigon ruwa shi kansa gilashin gani ne. Saboda ƙundumemen siffarsa, yana lanƙwasa hasken da ya ratsa shi, ya tattaro hoton duk abin da ke bayansa, ya kuma juya shi ƙasa a sama. Don haka abin da kake ɗauka a zahiri shi ne abin da ke bayan ɗigon. Idan bangon siminti ne a baya, toka-toka za ka samu. Idan atamfa ce mai furanni, furanni za ka samu a cikin kowane ɗigo.

Kafin komai, gwada iyakar wayarka

Kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya gani tangaram. Babbar kyamarar yawancin wayoyi takan fara dushewa idan ka matso ƙasa da santimita 8 zuwa 10. Ɗauki rubutun kwalin ashana, ka riƙa matsowa a hankali har ya dushe, sannan ka ɗan ja baya. Nan ne iyakarka.

Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi na Tecno, Infinix da Redmi suna zuwa da ƙaramar kyamarar makro mai megafiksel 2, wadda ke gani daga kamar santimita 4. Gaskiya ba na yabonta. Tana matsowa kusa, amma hoton yakan fito da dusa-dusa, launinsa a koɗe. Sau da yawa gara ka tsaya a iyakar babbar kyamara, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefe-gefen. Ka gwada duka biyun ka kwatanta, kada sunan makro ya ruɗe ka. Masu iPhone 13 Pro, wadda ta fito a 2021, su nasu da sauƙi, domin tana iya gani daga santimita 2. Akwai kuma ɗan gilashin makro mai matsi da ake maƙalawa a bayan waya, ana samunsa wurin masu sayar da kayan waya. Idan ka samu, ya fi duk dabarun nan.

Haɗa wurin

Nemi sabon gilashin kare fuskar waya, wato sikirin-gad. Ana shafa masa wani sinadari da ke hana maiƙon yatsa kamawa, kuma wannan sinadarin ne ke sa ruwa ya dunƙule a kansa maimakon ya baje. Tsoho wanda ya sha hannu ba ya yi sosai. Ɗora shi kamar gada a kan kofuna biyu masu tsayi ɗaya, ka shimfiɗa ƙyallen atamfa ko hula mai zane a ƙarƙashi. Tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin gilashin da ƙyallen ta isa ka fara da ita. Idan ka ƙara tazarar, zanen da ke cikin ɗigon zai ƙanƙance ya shigo da yawa. Idan ka rage, zai girma.

Da sirinji marar allura za ka ɗiga ruwan, ɗaya bayan ɗaya. Ka yi su ƙanana. Babban ɗigo nauyinsa yakan danne shi ya zama kamar waina, ƙarami kuwa yakan tsaya a dunƙule. A lokacin hunturu ko zafin bazara, kafin ka gama saita waya ƙananan sun fara ƙafewa. Maganin wannan shi ne gilisirin, wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin sanyi. Ka gauraya rabi ruwa rabi gilisirin, ɗigon zai daɗe bai bushe ba, kuma ba ya saurin gangarewa.

Sai haske, kuma a nan ne na fi yin kuskure. Na riƙa haska ɗigon kai tsaye da tocila, abin da nake samu kawai farin tabo ne mai ƙyalli. Ƙyallen da ke ƙasa shi ke buƙatar haske. Ka haska shi daga gefe, ko ka yi aikin a bakin taga da hantsi. Filashin waya kuma ka kashe shi gaba ɗaya.

Inda aikin yake

A irin wannan kusanci, wurin da ke fitowa tangaram siriri ne ƙwarai, bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya ɓata hoton. Ka jera littattafai gefe biyu ka kwantar da wayar a kai, kyamara na kallon ƙasa, ka saka ƙidayar daƙiƙa 3 don kada taɓa fuskar wayar ya girgiza ta. Idan kana da iyafis mai igiya, maɓallin ƙara murya yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa.

Wayar za ta so ta saita idonta a kan ƙyallen ko a kan gilashin, kai kuma zanen da ke cikin ɗigon kake nema. Shiga sashen Pro, ka zaɓi MF, ka riƙa jan layin a hankali har furen cikin ɗigon ya fito sarai, ƙyallen baya kuma ya narke ya zama launi kawai. Ka sauke ISO zuwa 50 ko 100. Idan wayarka ba ta da Pro, gwada manhajar Open Camera, kyauta ce a Play Store, ko da yake ba kowace waya ce ke ba ta damar saita ido da hannu ba. In duk sun ƙi, danna ka riƙe yatsa a kan ɗigon har wayar ta kulle saitin, sannan ka riƙa ɗaga ta ko sauke ta da ƙara takarda ɗai-ɗai a ƙarƙashi.

Na koyi wani abu wurin gyaran manhaja da ya yi min amfani a nan: kada ka canza abu biyu lokaci guda. Idan ka motsa haske, ka canza tazara, ka kuma taɓa ISO, hoton ya gyaru, ba za ka san wanne ya gyara shi ba, gobe sai ka sake lalube.

Da ka ƙware a gilashi, fita ka nemi ganyen gwaza. Ruwa ba ya jiƙa shi, dunƙulewa yake yi kamar dutsen ado. Bayan tsohon faifan CD kuma yana ba da launukan bakan gizo idan ka haska shi daga gefe.

Ɗigo mai faɗowa

Wannan ya fi wuya. Ɗigon da ya faɗo daga tsayin santimita 30 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 2.4 a daƙiƙa. Idan kyamara ta buɗe ido na 1/100 na daƙiƙa, ya riga ya yi tafiyar fiye da santimita 2, sai ka ga zare maimakon ɗigo. Kana buƙatar 1/2000 ko fiye, wannan kuwa sai a rana tsaka. Sanannen hoton kambin ɗigon madara da Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya ɗauka a 1957, da fitila mai walƙiyar gaggawa ya yi shi, irin wadda filashin waya ba ya kusanta.

Ka huda ledar fiyawata da tsinin allura, ka rataye ta saman kwano mai duhu, ta riƙa ɗiga wuri guda. Tsoma biro daidai inda ruwan ke sauka, ka kulle saiti a kansa, ka cire shi, sannan ka yi ta ɗauka a jere. Cikin hotuna ɗari, idan ka tsira da uku masu kyau ka yi ƙoƙari.

Ka lura da wayarka. Idan ba a rubuta mata IP67 ko IP68 ba, ka ɗauka ba ta jure ruwa. Wasu kan ba da shawarar a ɗiga ruwa a kan idon kyamara don ya zama gilashin makro. Yana aiki, amma ni ban ƙara ba tun ranar da ɗigon ya gangara ya shige ramin caji, na kwana biyu ina aron wayar ƙanena.

Idan za ka gyara, Snapseed ta wadatar: yanke gefe, juya hoton idan kana son furen ya miƙe tsaye, ka ɗan ƙara kaifi. Wurin turawa a WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, ƙananan zanen da ka sha wahala a kansu su ɓace.