Yadda za ka sa baki kafin babbar wayar lantarki ta ratsa gonarka

A watan Nuwamban 2019 Bankin Raya Afirka ya amince da rancen dala miliyan 210 domin ayyukan kamfanin TCN, mai kula da manyan layukan lantarki na ƙasa. Cikin ayyukan akwai sake gina layin 330kV na Kaduna zuwa Kano. Wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ba zai ce kada a yi ba. Sai dai irin wannan layi ba titi yake bi ba, gonaki yake ratsawa, don haka manomin rake a Makarfi da mai lambun tumatir a Ikara ko Hunkuyi gara su san ta inda ake shiga maganar, a wannan aiki da duk wani irinsa.

Da farko nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli. Bisa dokar 1992 ta auna tasirin aiki ga muhalli, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kan baje rahoton ga jama'a tsawon kwanakin aiki 21, a sanar a jarida da rediyo, a ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙaton littafi ne da Turanci. Tafi da malamin makaranta, ku duba taswira, sunayen ƙauyuka da sashen diyya. Sauran na iya jira.

Sannan ka auna gonarka. Layin 330kV na cin faɗin mita 50, wato 25 kowane ɓangare. Na 132kV mita 30. Ba a gini a ciki, ba a barin doguwar bishiya, inda kuma aka kafa turken ƙarfe wurin ya tafi ke nan. Galibi ana barin gajerun amfanin gona, to amma rake fa? Tambaya, kuma ka nemi a ba ka amsa a rubuce.

Ranar ƙidayar abin da za a biya diyya a kai ce uwa uba. Dokar filaye ta 1978 ba ƙasar take biya ba, abin da ke kanta ake biya: shuka, bishiya, gini, rijiya. Saboda haka ka tsaya da ƙafarka a gonar, kada ka wakilta yaro. Bi ma'aikatan ku ƙirga tare, mangwaro nawa, ɗorawa nawa, wace ke 'ya'ya wace ba ta fara ba, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Kada a manta da rijiyar ban ruwa a fadama. A ɗauke ka hoto a wurin, dagaci ko mai unguwa na tsaye. Kada ka sa hannu ko dangwale sai an karanta maka, kuma ka riƙe kwafi. Idan haya ko aro kake noma, a rubuta shukar da sunanka, ba da na mai gona ba. Gonar gado da ba a raba ba, a sa sunayen magada duka, har mata. Nan rigima ta fi tashi. Masu saurin aza bulo bayan an gama ƙidaya kuwa, asarar siminti kawai suke yi.

Daga nan sai takarda. Koke a majalisar hakimi ba ya shiga fayil. Ku rubuta wa Ministan Muhalli kafin wa'adin baje rahoton ya cika, da sunan ƙauye da abin da kuke so ƙarara: a karkata layin daga maƙabarta, ko a jinkirta aiki sai bayan girbi. A buga muku hatimi a kwafinku. In an kira taron masana kan rahoton, ku tura mutum biyu masu iya magana a taƙaice.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa wayar za ta kawo wa ƙauye wuta. Wucewa kawai take yi. Rabon wuta aikin Kaduna Electric ne. In taransifoma kuke so, ku sa shi cikin takardar. Kafin ku tashi daga taron, ku karɓi sunan jami'in karɓar koke da inda ofishinsa yake.