Dakatar da Kwafin Ajiya Yayin Aiki Mai Nauyi a Kwamfuta

Gabatarwa

Hausawa kan ce ajiya maganin wata rana. A fagen kwamfuta, ajiyar ita ce kwafin fayiloli da ake yi a wata ma'adana dabam, domin a sami madogara idan faifai ya lalace, ko aka sace na'ura, ko aka goge wani abu bisa kuskure. Da yake ɗan Adam mai mantuwa ne, sai masana suka ɗora wa kwamfuta alhakin yin wannan kwafi da kanta bisa jadawali. Alal misali, manhajar Time Machine wadda kamfanin Apple ya fito da ita a shekarar 2007, an tsara ta ne ta riƙa yin kwafi a kowace awa. Haka nan File History, wadda ta zo da Windows 8 a shekarar 2012.

To amma jadawali bai san halin da mai aiki yake ciki ba. Lokaci na cika sai kwafi ya tashi, ko da kuwa ana tsakiyar ɗaukar murya, ko tace fim, ko wani dogon lissafi na bincike. A nan ne kwamfuta kan soma jan ƙafa.

Dalilin Jan Ƙafar

Yin kwafi aiki ne mai cin abubuwa uku. Na farko shi ne faifan ma'adana. Faifai mai juyawa yakan yi zagaye 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma akwai wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansa don karantawa da rubutawa. Kowace tafiyar hannun zuwa sabon wuri kan ci kimanin milisakan 10, wato kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan manhajar kwafi tana karanta dubban fayiloli a gefe guda, manhajar tace fim kuma tana neman hotuna a wani gefen, sai hannun ya ɓata mafi yawan lokacinsa a hanya. Misalinsa kamar guga ɗaya ne a rijiya, masu ɗiba biyu suna jayayya. Ma'adanar SSD ba ta da abin da ke juyawa, saboda haka matsalar ta ragu ƙwarai a kanta, ko da yake ita ma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a daƙiƙa.

Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin manhajojin kwafi da dama sukan matse bayanai, su kuma kulle su da lambobin sirri kafin adanawa. Na uku shi ne layin intanet, idan can ake tura kwafin. Malamin da ke ba da darasi ta bidiyo zai ga hoto yana tsinkewa, saboda kwafi ya cika hanyar aikawa.

Ba kowane aiki ne wannan jinkiri ke ɓatawa ba. Mai buga wasiƙa da wuya ya lura. Amma a ɗauki misalin sauti. A ma'aunin faifan CD, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Idan kwamfuta tana karɓarsa a ƙulli mai awo 256, to dole ta sallami kowane ƙulli cikin kimanin milisakan 6. Da zarar ta makara, sai a ji ƙas-ƙas ko giɓi a muryar, kuma abin da ya kuɓuce ba ya dawowa sai an sake ɗauka. A irin wannan aiki, dakatar da kwafi hikima ce.

Inda Haɗarin Yake

Haɗarin yana wajen mantawa da mayar da kwafin bayan an gama. Kwafin da aka kashe ba ya ƙara, ba ya kuka, kwamfuta ma sai ta ƙara sauri, mai ita ya ji daɗi. Makonni su wuce yana zaton yana da ajiya, alhali kuwa babu. Abin takaicin kuma shi ne, ranar aiki mai nauyi ita ce ranar da ake samar da abin da ya fi cancantar adanawa.

Abin da ya sami kamfanin Pixar na Amurka a shekarar 1998 ya isa darasi. Ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai wani umurni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya jima ba ya aiki yadda ya kamata, ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke cikin kwamfutar wata ma'aikaciya mai jego, wadda take aiki daga gida. Su ba dakatar da kwafi suka yi ba, amma ramin da suka faɗa shi ne ke jiran wanda ya dakatar ya manta, wato dogara ga ajiyar da ba a duba ba.

Matakan da Suka Dace

1. A yi cikakken kwafi kafin a fara aikin, sannan a dakatar.

2. A zaɓi dakatarwa mai wa'adi a kan kashewa ɗungurungum. Manhajar OneDrive, alal misali, tana ba da zaɓin awa 2, ko 8, ko 24, bayan haka ta ci gaba da kanta. Inda babu irin wannan zaɓi, a sa ƙararrawa a waya, ko a manna takarda a jikin allon kwamfuta.

3. Idan aikin na kullum ne, a sauya jadawalin zuwa lokacin hutu ko dare, muddin akwai tabbacin wutar lantarki a lokacin. Jadawalin dare ba shi da amfani ga kwamfutar da ke kwana a kashe.

4. Inda hali ya yi, a rage wa kwafi ƙarfi maimakon a tsayar da shi. A tsarin Linux, umurnin nice da ionice sukan mayar da shi bayan layi, sai sauran ayyuka sun sami biyan buƙata.

5. A ci gaba da adana aikin da hannu lokaci zuwa lokaci, domin ɗaukewar wuta ba ta sallama.

6. Bayan an gama, a kunna kwafin nan take, a duba kwanan watan kwafi na ƙarshe, a kuma gwada dawo da fayil ɗaya don a tabbatar yana buɗewa.

A makarantar da ɗalibai da yawa ke amfani da ɗakin kwamfuta ɗaya, ya kyautu a ajiye littafi, duk wanda ya dakatar da kwafi ya rubuta sunansa da lokaci, ya kuma sa hannu idan ya mayar.

Tambayoyi

1. Faifai mai zagaye 7,200 a minti, milisakan nawa yake ɗauka kafin ya yi zagaye ɗaya?

2. Wata ɗaliba ta dakatar da kwafi ranar Litinin da safe, faifanta ya lalace ranar Alhamis da yamma. Aikin kwana nawa ta rasa, kuma wane mataki ne da ya kare ta?